In Ruwa Ya Zube Ya Bar Tulu

Mai karatu, cikin kalmomin Hausa da kake koyo akwai guda uku da suke maƙwabtaka da juna, amma kowace da inda ake amfani da ita. Idan mutum ya mutu, Bahaushe yakan ce an yi rashi. Idan gobara ta cinye shago, ko ɓarawo ya kwashe kaya, sai ya ce an yi asara. Idan kuwa maganar jarrabawa ce, ko zaɓe, ko wata gasa, sai ya ce wane ya faɗi. Babu ɗan Adam da zai gama zamansa na duniya bai haɗu da waɗannan abubuwa uku ba. Duk da haka, a gida da makaranta an fi koya wa yaro yadda zai samu da yadda zai yi nasara. Ba kasafai ake zaunar da shi a koya masa abin da zai yi ranar da ya rasa ba. A ganina wannan babban giɓi ne a tarbiyyarmu, domin hankalin mutum ba ya cika sai ya iya rabuwa da abin da ya riga ya kuɓuce masa.

Hausa tana da kalma ta musamman domin wannan hali. Kalmar ita ce dangana. Masu koyon harshen sukan haɗa ta da haƙuri, alhali akwai bambanci tsakaninsu. Haƙuri yana da faɗi. Wanda ya jure wahala ya yi haƙuri, wanda ya danne fushinsa ya yi haƙuri, haka ma wanda ya daɗe yana jira bai ƙosa ba. Ita kuwa dangana, ita ce mutum ya yarda har cikin zuciyarsa cewa abu ya tafi kuma ba zai dawo ba, sa'an nan ya daina binsa. Ɗauki misalin matar da akuyarta ta ɓace. A kwanakin farko ana ta cigiya unguwa-unguwa, maƙwabta suna ce mata, "Ki yi haƙuri, za a gan ta." Bayan wata biyu babu labari, sai ka ji ita da kanta ta ce, "Ni dai na dangana." Daga ranar ta daina leƙa garken mutane, ta fara tara kuɗin sayen wata. Mai haƙuri yana iya kasancewa yana jira har yanzu. Wanda ya dangana ya bar jira, ya koma ga aikinsa.

Akwai karin maganar da ta bayyana wannan hikima sosai. Hausawa suna cewa, in ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau. Tulu shi ne abin ɗibar ruwa da ake ginawa da yumɓu. Yarinya ta ɗebo ruwa daga rijiya, ta yi tuntuɓe, ruwan ya malale a ƙasa. Ba wanda ya isa ya kwashe shi ya mayar. Amma matuƙar tulun bai fashe ba, rijiya tana nan, gobe ma rana ce. Karin maganar ba ta ce ruwan ba shi da daraja ba, ba ta kuma manta da wahalar da aka sha kafin a ɗebo shi ba. Abin da take koyarwa shi ne, bayan kowace asara mutum ya duba ya ga me ya saura a hannunsa. Sau da yawa abin da ya saura ya fi wanda ya tafi muhimmanci, sai dai baƙin ciki yakan rufe wa mutum ido har ya kasa ganinsa.

Duba yadda Hausawa Musulmi suke tafiyar da rashi mafi girma, wato mutuwa. Ba a ɓata lokaci wajen jana'iza. Galibi a ranar da mutum ya rasu ake yi masa wanka, a yi masa salla, a kai shi makwancinsa. Daga nan sai zaman makoki, wanda aka fi yi na kwana uku. Maza suna zaune a ƙofar gida a kan tabarmi, mata suna cikin gida. 'Yan'uwa da abokan arziki suna zuwa yin ta'aziyya. Mai zuwa zai ce, "Ya haƙuri?" ko "Sannu da haƙuri," sa'an nan ya yi wa mamacin addu'a ya ce, "Allah ya ji ƙansa." Maƙwabta sukan aiko da abinci, saboda an san waɗanda aka yi wa rashi ba su da sukunin girki. Bayan kwana uku sai a naɗe tabarmi, ɗan kasuwa ya koma kasuwa, manomi ya koma gona. Matar mamacin kuma tana yin takaba ta wata huɗu da kwana goma. Idan ta fita takaba, tana da ikon yin ado, tana kuma da ikon sake yin aure.

Lura da abubuwa biyu a cikin wannan tsari. Na farko, an ba baƙin ciki haƙƙinsa. Ba a ce wa mutum ya yi kamar babu abin da ya faru ba. An tara masa jama'a, an zauna tare da shi, an ambaci sunan wanda ya tafi. Na biyu, an yi wa baƙin cikin iyaka. Akwai ranar da ake shimfiɗa tabarma, akwai kuma ranar da ake naɗe ta. Idan ka tambayi dattawan garinku, za ka tarar cewa al'adarku ma tana da nata kwanakin makoki da nata ranar tashi, ko da adadin ya bambanta. Al'ummomi da yawa sun gano abu ɗaya: wanda aka hana shi kuka, abin zai zauna masa a zuciya, wanda kuma aka bar shi yana kuka ba iyaka, rayuwarsa za ta tsaya.

Manomin ƙasar Hausa ya san wannan darasi tun yana yaro. Damina a can gajera ce, ba ta cika wuce wata huɗu ko biyar ba. Ruwan farko yana sauka, sai kowa ya fita shuka gero da dawa. Wata shekara sai ruwan ya ɗauke na mako biyu ko uku, tsiron da ya fito ya bushe. Iri ya tafi, wahala ta tafi. Manomin da ya tsaya yana zagaya busasshen tsiro yana fatan ya farfaɗo, damina za ta wuce shi. Wanda ya dangana da shukar farko, ya nemo wani iri, ya sake shuka da zarar ruwa ya dawo, shi ne zai kai amfani rumbu. A nan za ka ga cewa jinkirin dangana yana da tsada. Wanda ya ƙi yarda da asara ta farko yakan jawo wa kansa ta biyu, wadda ta fi ta farkon girma.

Wannan magana ba ta tsaya a gida da gona ba. Tarihin ƙasarmu na kwanan nan yana da misalin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani, ko da wace jam'iyya iyayensa suke goyon baya. A ranar 28 ga Maris, 2015, aka yi zaɓen shugaban ƙasa a Nijeriya. Manyan 'yan takara su ne shugaba mai ci, Goodluck Jonathan na jam'iyyar PDP, da Muhammadu Buhari na jam'iyyar APC. Zukatan mutane cike suke da tsoro, kuma da dalili. Bayan zaɓen 2011 an yi tarzoma a jihohi da dama na Arewa, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mutane fiye da 800 sun mutu. Saboda haka kafin zaɓen 2015 iyalai da yawa sun kwashe kayansu sun koma garuruwansu na asali, suna gudun abin da zai biyo baya.

Hukumar zaɓe, a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ta riƙa karɓar sakamako jiha bayan jiha a Abuja. A ranar 31 ga Maris, tun kafin a bayyana sakamakon ƙarshe, Jonathan ya buga wa Buhari waya ya taya shi murna. Da aka gama ƙidaya, Buhari ya sami ƙuri'u kimanin miliyan 15.4, Jonathan kuma kimanin miliyan 12.8. Wannan ne karo na farko a tarihin Nijeriya da shugaban ƙasa mai ci ya faɗi zaɓe. A jawabinsa ga al'umma, Jonathan ya nanata cewa burin kowane ɗan siyasa bai kai darajar jinin ɗan Nijeriya ko ɗaya ba. A ranar 29 ga Mayu ya miƙa mulki. Jam'iyyarsa ta sauka bayan shekara 16 tana riƙe da ƙasar, kuma tarzomar da ake tsoro ba ta auku ba.

Wani zai iya cewa ai ba shi da zaɓi, tunda ya faɗi. Amma abin da ya faru a Kwaddibuwa shekaru kaɗan kafin nan ya nuna cewa akwai wata hanyar da shugaba zai iya bi. A ƙarshen 2010 hukumar zaɓen ƙasar ta ce Alassane Ouattara ne ya yi nasara, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince da hakan. Shugaba mai ci, Laurent Gbagbo, ya dogara da hukuncin majalisar tsarin mulkin ƙasar, wadda ta ce shi ne ya ci, ya ƙi sauka. Aka shiga rikici na watanni, mutane kimanin 3,000 suka hallaka. A watan Afrilu na 2011 aka kama shi, daga baya aka kai shi kotun duniya da ke birnin Hague. Kotun ta wanke shi a 2019, ya koma gida a 2021. Amma mulkin da ya riƙe ya tafi, shekara goma na rayuwarsa sun tafi, waɗanda suka mutu kuma ba za su dawo ba.

Shi kuwa Jonathan, ruwa ya zube masa amma tulu ya tsira. Ya rasa kujera, ya fita da mutuncinsa. A cikin shekarar ta 2015 ya jagoranci tawagar ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila da ta sa ido a zaɓen Tanzaniya. A 2020 ƙungiyar ECOWAS ta naɗa shi mai shiga tsakani a rikicin siyasar Mali. Mutane suna iya saɓani game da yadda ya yi mulki, kuma suna da 'yancin yin haka. Amma aikin sulhun da aka riƙa ba shi daga baya ya samo asali ne daga abin da ya yi ranar da ya faɗi. Ba a aika mutum ya roƙi wasu su haƙura idan shi kansa bai taɓa haƙura da komai ba.

Yanzu sai mu saurari masu suka, domin suna da hujja. Suna cewa yawan wa'azin dangana yana kashe zuciya. Yana sa talaka ya yi shiru idan an ci haƙƙinsa, yana sa malalaci ya fake da ƙaddara. Wannan gaskiya ne idan aka sa dangana a inda ba wurinta ba. Ma'aikacin da aka hana albashinsa bai kamata ya dangana ba, domin kuɗin yana nan kuma akwai hanyar neman sa. Marayan da aka cinye masa gado ya nemi haƙƙinsa a gaban alƙali. Mara lafiya ya je asibiti. Tambayar da za ka yi wa kanka kullum ita ce: shin ƙofar nan a rufe take har abada, ko kuwa akwai sauran abin da zan iya yi ta hanyar da ta dace? Idan akwai, to lokacin ƙoƙari ne. Idan babu, to lokacin dangana ya yi.

Ɗaya ɗan takarar na 2015 ya isa misali a nan. Buhari ya tsaya zaɓen shugaban ƙasa a 2003 da 2007 da 2011, kuma duk sau ukun bai yi nasara ba. Kowane karo an kai ƙara kotu, ko shi ko jam'iyyarsa, har zuwa Kotun Ƙoli, kuma hukuncin bai zo masa yadda yake so ba. Da kotu ta gama magana, wancan zaɓe ya rufu. Amma zaɓe na gaba a buɗe yake, sai ya sake tsayawa, ya kuma yi nasara a karo na huɗu. Ka ga ashe dangana da naci ba abokan gaba ba ne. Mutum yana iya dangana da zagayen da ya wuce, ya kuma dage a kan wanda ke tafe. Hasali ma wanda bai saki na baya ba, ba zai sami hannun kama na gaba ba.

Bari mu dawo kanka, mai karatu. Wataƙila ba za ka taɓa rasa kujerar mulki ba, amma akwai abubuwan da za su iya samunka tun kana makaranta. Sakamakon WAEC ko NECO yana iya fitowa babu kiredit a Lissafi ko Turanci. Makin JAMB yana iya gaza kai ka ga fannin da ka daɗe kana buri. Ana iya cewa ka maimaita aji, abokanka su wuce su bar ka. Aminin da kuka shaƙu yana iya juya maka baya ba tare da ka san dalili ba. Sana'ar mahaifinka tana iya karyewa, a cire ka daga makarantar da kake so a kai ka wata. A irin wannan lokaci zuciya takan so ta zauna a wuri ɗaya tana maimaita tambaya: me ya sa ni? Da na yi kaza, da ba haka ba. Hausawa suna cewa da na sani ƙeya ce, wato kullum a baya take, kuma mai tafiya yana kallon baya ba ya nisa.

Ga abin da nake ba ka shawara. Da farko ka kira abin da sunansa. Ka ce, "Na faɗi Lissafi," ba tare da ɓoye takardar sakamako ko ɗora laifin duka a kan wani ba. Sa'an nan ka ba kanka lokacin jin zafi, ka kuma gaya wa wani babba da ka amince da shi, uwa ko uba ko malami. Kada ka riƙe abin kai kaɗai. Idan makonni suka wuce ba ka iya barci ko cin abinci, ko ka ji rayuwa ta fita ranka, ka faɗa da wuri domin a nema maka taimakon likita. Wannan ba abin kunya ba ne. Bayan haka ka yi wa makokinka ranar tashi, kamar yadda ake naɗe tabarma. A ranar ka zauna ka lissafa abin da ya saura. Ana rubuta JAMB kowace shekara. WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, kuma jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a fannoni da dama. Lafiyarka tana nan, ƙwaƙwalwarka tana nan, yanzu kuma ka san inda rauninka yake, abin da ba ka sani ba a bara.

Akwai rashin da ya fi duk waɗannan nauyi. Wasu daga cikin masu karanta wannan shafi sun riga sun rasa uwa ko uba. Ba zan ce musu akwai abin da zai maye gurbin wanda ya tafi ba, domin babu. Abin da zan ce shi ne, dangana ba mantuwa ba ce. Yaro yana iya yarda cewa mahaifiyarsa ba za ta dawo ba, ya kuma ci gaba da tunawa da ita, yana yi mata addu'a, yana riƙe da tarbiyyar da ta ba shi. Wasu yara sukan ji kamar sun ci amanar mamaci idan suka yi dariya ko suka ji daɗin wani abu. Ba haka ba ne. Babu uwar da take fatan rayuwar ɗanta ta tsaya ranar da tata ta ƙare.

Idan aka yi wa Bahaushe asarar dukiya, masu jaje sukan ce masa, "Allah ya mayar da alheri." Ka lura, ba su ce Allah ya dawo da abin da ya tafi ba. Sun roƙa masa wani alherin a madadinsa, ta kowace fuska ya zo. Shi kuma sai ya amsa da "Amin." Ka koyi wannan gaisuwa, domin za ka buƙace ta wata rana idan maƙwabcinka ya shiga wani hali. Ranar da kuma aka yi maka ita, ka amsa da zuciya ɗaya, ka duba tulunka, in bai fashe ba ka ɗauka ka koma rijiya.

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin rashi da asara da faɗuwa, ka sa kowace kalma a cikin jimla.
2. Ta yaya dangana ta bambanta da haƙuri?
3. Waɗanne abubuwa biyu ne aka ce a lura da su game da zaman makoki?
4. Kawo yanayi biyu da bai kamata mutum ya dangana ba, ka faɗi dalili.
5. Nemo karin magana a harshenku mai ma'ana kusa da "in ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau", ka bayyana ta da Hausa.